Daminar da Mai Waya Ya Yi Azumi

Bana ma ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina. Tun da aka yi wani mai ƙarfi da ya kayar da katangar maƙwabcina, sama ta wanke fes, sai rana da wata iska mai zafi da ke shigowa rumfar ɗinkinmu da hantsi tana ɗaga yadi. Ni yanzu ido ya daina zura zare, zama kawai nake ina sa wa masu ɗinkin ido. Matasan da ke taruwa a bakin rumfar kowa ya duƙa a kan wayarsa, wannan ya ce ruwa sai jibi, wancan ya ce tasa ta ce sai wani makon. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi gabas. Wannan ɗaukewar ruwan ce ta dawo mini da wata damina da ta daɗe da wucewa, wadda azumi ya faɗo a cikinta, da wani tsohon Bature da ya zauna a gidanmu a Ƙofar 'Yandaka.

Shekarar ita ce wadda soja suka fara cewa za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina ɗinki, ina kuma noma gonar da mahaifinmu ya bari a bayan ganuwa. Gidan daga ni sai matata Hajara da yaranmu, sai mahaifiyata da kowa ke kira Inna. Gari ya cika da motocin jam'iyyu masu lasifika, mutane kuma sun koyi kallon juna a kaikaice. Wanda kuka tashi tare, in ya cika tambayar ka lafiyar gida, sai ka fara tunanin wa ya aiko shi. Ni kuwa da ma can haka Allah ya yi ni, ba na karɓar magana sai na juya ta na duba bayanta, yadda nake yi wa yadi kafin in sa almakashi.

A cikin bazara, ana zafin nan da ke gaba da ruwa, Malam Sule na ofishin gona ya tsaya da Landiroba a ƙofar gidanmu, Mai Unguwa yana ciki. Suka fito da wani Bature dogo, ya ɗan ranƙwafa, kansa fari fat har gira, da gajeren wando, gwiwoyi duk a waje. Malam Sule ya ce dattijon ya gama aiki a ƙasarsu ya huta, shi ne ya zo aikin sa-kai, zai taimaka wajen renon itatuwa da dashe. Ba shi da albashi, ɗan abin da zai ci kawai ake ba shi. An ba shi gida a unguwar Turawa ya ƙi, ya ce cikin mutane yake so. Shi ne Mai Unguwa ya tuna da shagon gidanmu, ɗakin nan mai ƙofa a titi, wanda ba kowa ciki tun da ƙanena ya tafi Ikko. Ba a cewa a'a a gaban Mai Unguwa. Na ce to, Allah ya sa alheri, amma cikina bai ce to ba.

Sunansa ya ƙi zama a bakin kowa. Sai dai akwai wata siririyar waya da ta fito daga kunnensa na hagu ta gangara cikin aljihun rigarsa, inda wani ɗan akwati yake. Kafin la'asar unguwa ta raɗa masa suna Mai Waya. Inna ta leƙa shi ta zaure, ta daɗe tana kallo, sannan ta dawo ciki tana riƙe da haɓa.

"Lawal, wanga tsoho ba shi da ɗiya ne?" ta ce mini. "Mutum da hurhura haka, mi ya raba shi da gida? Ko dai wani abu ya aikata can suka koro shi?"

Tambayar da ta zauna a unguwar ke nan. A dakalin da muke hira bayan magariba, Alhaji Bala ne ke jan ta. Dillalin hatsi ne, gidansa yana kallon namu, mutum mai kyauta amma bakinsa ba ya hutawa.

"Ku dai ku yi tunani," in ji shi. "Yaro shi tahi yawon duniya, mun ji. Amma tsoho, lokacin da ya kamata shi zamna zaure jikoki na hawan bayanshi, shi ƙetaro ruwa shi zo shi yi aikin banza? Kuma sai yanzu da za a yi zaɓe? Wayar nan ta kunnenshi, ku hwaɗa mani, da wa take magana?"

Wani ya ce ɗan mishan ne, amma ba a taɓa ganin ya tare wani da wa'azi ba. Wani ya ce gidaje yake ƙirga wa wata jam'iyya. Shi kuma tsohon bai taimaki kansa ba. Gaisuwarsa guntuwa ce, ta cikin littafi. Ya ce maka "sannu", kafin ka kai ga tambayar gajiya ya yi gaba abinsa. In ka tsayar da shi kana magana, sai ya juyo maka da aljihun nan mai akwati ya matso da shi kusa da bakinka. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe sai ya taƙaita zance.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Na tuna ranar: hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, iska ta kwashe shanyar mata, sannan ƙanshin ƙasa ya cika gari. Washegari kowa ya fita shuka, maza suna sara, mata tsofaffi da yara suna bi da iri suna rufewa da diddige. Da muka dawo muka tarar Mai Waya ya kafa wani itace a filin da ke gefen gidanmu, ya ɗaura mazurari a sama, da kwalba mai zane-zane a ƙarƙashi. Duk safiyar da aka yi ruwa sai ya ciro kwalbar ya ɗaga ta daidai idonsa ya ƙura mata ido, sannan ya zubar. Na tambaye shi, ya ce da 'yar Hausarsa, "Ina auna ruwa." Da na gaya wa Inna sai ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an bi kyautar Allah da mudu ba.

Da noman fari ya zo muka yi gayya a gonata. Matasan unguwa suka jeru da hauya, makaɗi yana binsu, ƙura da gumi da ihu. Sai ga Mai Waya da tasa sabuwar hauyar, ya shiga layi ya duƙa. Wani saurayi ya yi maza ya karɓe hauyar ya raka shi gindin tsamiya wurin dattawa, don a wurinmu abin kunya ne mai furfura ya duƙa matasa suna tsaye. Ya faki ido ya koma wata kusurwar gonar ya ci gaba da hannu, aka sake ɗauko shi. Ya zauna a inuwar ranar nan fuska a murtuke, bai san girma aka ba shi ba. Mu kuma ba mu san me ya ɓata masa rai ba. Alhaji Bala ya ce a duba kusurwar da kyau, kada wani abu ya je binnewa. Ni da kaina na je na tona wurin da ƙafa, ban ga komai ba sai ciyawar da ya cire.

Azumi ya kama gero ya kai ƙugu, ya fara ciki. Wanda bai yi azumin damina ba ba zai gane ba. Lokaci ne da rumbu ya kai ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Hajara takan kifa kanta cikin rumbun har ƙafafunta su bar ƙasa kafin ta ciro abin da za a surfa. Rabin abincinmu ganye ne: kwaɗon tafasa, rama, zogale. Da asuba a sha abin da ya samu na sahur, a yi salla, a kama hanyar gona tun raɓa tana jiƙa wando, a yi maimai har rana ta take. Daga nan sai a dawo a kwanta a zaure kamar an yi mana duka. Da la'asar gida ya ɗauki ƙarar turmi da hayaƙin ɗanyen itace mai sa hawaye. Ranar Asabar kuma a je a bi layin zaɓe da busasshen baki, a dangwala, a dawo kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa inda ya sa.

Duk da ƙarancin, Inna ba ta yarda a sha ruwa ba a fitar da na maƙwabta ba. Kunun tsamiya a ɗan kwano da 'yan ƙosai, gida-gida. Ta ce a kai wa Mai Waya ma, maƙwabci ne ko da mi ya zo. Ni nake kai masa da kaina, ba don ladabi kawai ba, ina so in ga cikin ɗakin. Yakan karɓa da hannu biyu yana ta godiya a bakin ƙofa, jikinsa ya tare mini gani. Wannan kunun, kowa ya sani, na buɗa baki ne kawai. Abinci na gaske sai an dawo daga asham, lokacin da kowane gida zai fito da tuwonsa a shimfiɗa tabarma a waje maza su haɗu a ci tare. To a nan matsalar take. In na ɗauki tuwonsa na je, sai in tarar ƙofa a rufe, ba fitila. In yi sallama, shiru. In ƙara da ƙarfi, shiru. Ranar farko na ce barci ne. Amma wata rana ina tsaye da kwano na ji ya yi tari a ciki, tari na mutumin da idonsa biyu, na sake sallama, bai amsa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum yana ɗakin ubana, in yi masa sallama ya yi mini banza! Inna ta fi ni jin zafi.

"Tuwona ne ba shi ci?" ta ce. "Ƙyama yake? To a bar mashi abinshi."

Daga ranar aka daina ɗibar masa tuwo. Kunun dai ba ta hana ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Da farko ba wanda ya damu, an ce hutu ne na noma. Kwanaki suka yi ta tafiya. Hadari yakan haɗu da yamma, ya yi baƙi, ya yi gurnani, mata su fito da tukwane su jera a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi. Ganyen gero ya fara naɗewa da rana, da farko yakan warware da safe, daga baya ya daina. Ƙasar gona ta yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi. Ga ƙishirwa, harshe yakan manne a baki tun kafin azahar. Hatsi ya ɓace a kasuwa. Ina zuwa gonar in tsaya kawai in dawo, don ba aikin da za a yi mata.

A daidai wannan lokacin Mai Waya ya fara ramewa. Idanunsa suka faɗa, wandon nan ya koma yana yi masa yawa, tafiyarsa ta zama ta mai jan ƙafa. Amma kullum da safe sai ya je ya duba kwalbarsa wadda ba komai ciki, ya wuce wurin renon itatuwansa ya yi ta jigilar ruwan rijiya a bokiti yana ba 'ya'yan bedi. Mata suka lura risho ɗinsa ya daina ƙamshi, ba a jin motsin tukunya a ɗakin ko da rana.

"Halwa yake," in ji Alhaji Bala a dakali. "Masu ɗaure ruwa haka suke yi. Ba su ci, ba su amsa magana in rana ta hwaɗi. Ya auna ya auna, ya ga iyakar abin da yake so, ya rufe. Ku duba, tun yaushe rabon kwalbar nan da ruwa?"

Yau in na ba matasan rumfarmu wannan labarin dariya suke yi. Su yi. Ba su taɓa tsayawa a gonar da abincin 'ya'yansu na shekara yake ƙonewa ba, da azumi a baki, ga wani baƙo da ba wanda ya san dalilin zuwansa yana leƙa sama kullum.

Dattawan unguwa suka kira ni. Suka ce kafin Salla in fitar da shi daga gidana, in ba haka ba kada in sa ran ganin kowa a gonata ranar girbi, in ma an samu abin girbewa. Na ce musu ni ma hankalina bai kwanta da shi ba, amma Mai Unguwa ne ya damƙa mini shi, kuma ban taɓa jin an kori baƙo daga gidan ubana ba, sai na ga abu da idona. Aka tashi ba daɗi. Washegari aka wayi gari an tumɓuke itacen an fasa kwalbar. Na ga tsohon tsaye a kan ramin yana tsince gilasan ɗaya-ɗaya don kada yara su taka. Ruwa bai zo ba. Aka ce to yana da wata kwalbar a ɗaki. Alhaji Bala ya ɗauki dattawa biyu suka tafi ofishin gona, suka ce unguwa ba ta aminta da Baturen nan ba, ana zargin yana leƙen asiri, in wani abu ya same shi ba ruwansu. Aka ce musu za a kai maganar Kaduna. Daga nan ba a sake jin komai ba.

Da abin ya yi tsanani aka yi shelar roƙon ruwa. Da hantsi gari ya fita fili, tsofaffi da sanduna, mata da goyo, har da awaki da tumaki ana ja. Kowa ya sa tsohuwar riga, aka juya ta ciki ya koma waje kamar yadda ake yi. Ba kiɗa, ba hayaniya, sai istigfari da kukan jarirai. Muna cikin sahu wani ya taɓa ni ya nuna mini baya. Can nesa da jama'a, a tsakiyar rana, ga Mai Waya tsaye shi kaɗai. Ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji, ya juya rigarsa shi ma, aljihun ya koma ciki, akwatin yana hannunsa.

"Ka gani ko?" in ji na kusa da ni. "Ya biyo mu shi warware abin da muke roƙo."

Liman ya daɗe yana addu'a, mutane suna kuka. Da aka shafa na waiwaya, ban ga tsohon a tsaye ba. Yana kwance a ƙasa, fuska a cikin rairayi.

Mutane suka yi cirko-cirko, kowa yana jiran wani ya fara. Abin mamaki, Alhaji Bala ne ya fara isa, yana faɗa yana cewa kada ya mutu a nan a ce mu ne. Muka ɗauke shi mu huɗu. Dogon mutum kamar wannan, amma ba shi da nauyin damin gero. Muka shimfiɗe shi a zaurenmu, Inna ta fito da ruwan randa ta yayyafa masa, ta ɗaga kansa ta kai moɗa bakinsa. Ya buɗe ido, ya kau da kai, ya nuna ƙofa inda rana take.

"Azumi," ya ce. "Rana ba ta faɗi ba."

Inna ta dube ni, ta dube shi.

"Azumin mi? Kai wa ya ɗora maka? Sha, don Allah, tsohon banza, kada ka mutu mani a zaure!"

Ta matsa masa sai da ya sha. Sannan ta tashi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta tura ƙofar shagon ta shiga, muka bi ta. Ɗakin da na yi wata da watanni ina son gani ke nan. Gado ne da gidan sauro, da kujera, da hoton wata tsohuwar Baturiya a jingine. Risho ya yi ƙura. A kusurwa ga gwangwanayen abinci da ofis ke kawo masa, a jere, ba a buɗe ba. Kwalba kam babu.

Aka aika aka kira Malam Sule ya yi mana tafinta, don Hausar tsohon ba za ta ɗauki maganar ba. Tsohon ya ce tun ranar da azumi ya kama ya ga ba mai ci da rana, ya ji ba zai iya kunna risho ƙamshi yana shiga gidajen masu yunwa ba. Da yamma kuma ya ga abin da ake kawo masa, ɗan kunu da 'yan ƙosai, ya ga irinsa ake kai wa kowane gida. Ya san rumbuna sun ƙare. Sai ya ɗauka iyakar abin da kowa ke ci ke nan daga faɗuwar rana zuwa wata faɗuwar, ya ce to shi ma ba zai fi maƙwabtansa ba.

"Tuwon hwa?" in ji Inna. "Tuwon da nake aiko maka bayan asham?"

Malam Sule ya juya masa. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane tuwo?" ya ce da Hausa.

Na ce na sha zuwa ina sallama, har tari na ji ya yi. Sai ya sa hannu ya zare wayar daga kunnensa ya ajiye a tabarma. Ya nuna bakina ya ce in yi magana. Na yi. Ya girgiza kai. "Babu wannan, babu ji," in ji shi. Kurma ne. Akwatin shi ke ƙara masa sauti, batirinsa kuma ba a samun irinsa a Katsina, saura kaɗan, shi ya sa da ya sha kunu sai ya kashe, ya rufe ƙofa saboda sauro, ya kwanta. Sahur kuwa bai taɓa jin masu tayar da mutane ba, bai ma san ana yi ba.

Mu da muke kukan yunwa muna cin tuwo, muna sahur. Shi kusan duk watan a kan ɗan kwanon kunu yake, yana jan ruwa a rijiya da rana. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Inna ce ta yi tambayar da ke cinta tun ranar farko, ta ce a tambaye shi ina 'ya'yansa. Ya ce ɗa ɗaya ne, yana wata ƙasa mai nisa da iyalinsa. Matarsa ta rasu. Ya ce lokacin sanyi ya zagayo sau biyu yana gidansa shi kaɗai, wani lokaci mako ya zagayo ba wanda ya buɗe ƙofarsa. Inna ta ce, "Innalillahi. Ba maƙwabta ne garin?" Ta tashi ta shiga gida, ta sa aka kama 'yar kazar da take ajiye wa Salla.

Daga ranar Inna ta karɓe shi. Ta hana shi azumi, ta ce in ta sake jin kalmar a bakinsa sai ta saɓa masa. Bayan asham ni nake shiga har ciki in taɓa ƙafarsa, in fito da shi tabarma cikin maza. Ya koyi yanka loma, ko da yake rabin miyar a gwiwar hannunsa take ƙarewa. Ya koyi tsayawa a gaisa har a ƙare. Alhaji Bala ya shiga aiko masa da fura kullum, yana cewa shi fa har yanzu bai gama yarda da shi ba, amma ba ya son ganin ƙashin wuya. Dattawan da suka ba ni wa'adi ba wanda ya sake tayar da zancen. Wani ma ya kawo kwalbar man gashi ya ce ko za ta yi awon.

Ruwa ya dawo ana saura kaɗan Salla, da rana tsaka, mai yawa, har ya shiga ɗakuna. Bai ceci komai da komai ba. Geron da ke kan tudu ya riga ya tafi, na kwari ya farfaɗo, dawa kuma ta yi kyau. Muka yi Salla da sauƙin zuciya. Na ɗinka wa Mai Waya riga da dogon wando, Inna ta ce yau dai an rufe gwiwoyin nan an huta. Ya fara maganar inda zai dasa bedi a bakin titinmu, da yadda zai nemi a ƙara masa shekara.

An fara yankan gero ke nan, wata safiya, Landiroba ta tsaya a ƙofar gida. Malam Sule ya ja ni gefe da Mai Unguwa. Ya ce amsa ta zo daga Kaduna. An kusa miƙa mulki, ba mai son rigima a kan baƙon waje da unguwa ta kai ƙararsa, an ce a mayar da shi ƙasarsu. Ya ce shi bai iya gaya wa tsohon gaskiya ba, ya ce masa saboda faɗuwar da ya yi ne, manya sun ga shekarunsa ba za su ɗauki zafin nan ba.

Kafin a fito da kayansa titi ya cika. Alhaji Bala ya zo da sauri ba ko hula.

"Malam Sule, mun janye! Ni na kai maganar, ni na janye. Mu tahi ohis ɗin yanzu in hwaɗa da bakina. Ina za ku kai mana tsoho? Wa gare shi can?"

"Alhaji, maganar ta wuce ni, ta wuce ofishinmu," in ji Malam Sule a hankali. "Kai ma ka san in ta hau sama ba ta saukowa."

Inna ta ƙi fitowa. Tana ciki tana ƙulla masa yaji da kuka a tsumma, tana faɗa da Hajara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsohon ya fito cikin rigar Sallarsa, ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana ba su hannu. Da ya zo kan Alhaji Bala sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe, ya tattaro duk Hausar da yake da ita.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce. "Kun yi mini kirki, kai da fura kullum. Na so in zauna. Jiki ya tsufa, ya ba ku wahala. Laifina ne."

Alhaji Bala ya buɗe baki. Duk muka zuba masa ido, ni har na ɗauka zai faɗa. Ya dubi Malam Sule, ya dubi ƙasa. Tsohon ya matso da aljihunsa kusa da bakin Alhajin don kada amsar ta wuce shi, ya tsaya yana jira.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Alhaji Bala.

Tsohon ya ce amin, ya shiga mota, ba wanda ya gaya masa gaskiya.